Yadda Ake Koyon Kalkulas na Zango na Biyu da Yadda Ake Koyar da Shi

Ɗalibin da ya ci kalkulas na zangon farko da maki mai kyau yakan shiga zango na biyu da ƙwarin gwiwa, sai bayan makonni huɗu ko biyar ya fara zargin cewa ƙwaƙwalwarsa ce ta dushe. Na sha ganin haka a ajin da nake koyarwa, kuma galibi ƙwaƙwalwar tana nan yadda take, irin aikin ne ya canza ba tare da an gaya masa ba. A zangon farko ana koyon difarenshiyeshan, wato lissafin saurin canjin abu, wanda aiki ne mai bin ƙa'ida: duk fankshin da aka ba ka, wato ƙa'idar da ke karɓar lamba ta ba da wata lamba, komai tsawonsa, idan ka bi dokar ninki da dokar rabawa da dokar sarƙa cikin natsuwa, za ka kai ga amsa. A zango na biyu kuwa baya ake komawa, a ba ka saurin canjin a ce ka nemo abin da ya haife shi, wanda shi ne intigireshan, kuma a nan babu wata doka guda da za ta riƙe hannunka daga farko har ƙarshe. Sai ka dubi tambayar, ka zaɓi hanya, ka gwada ta, in ta toshe ka dawo ka sake wata. Wannan zaɓen hanya shi ne ainihin abin da ake koya a zangon, kuma shi ne abin da aka fi mantawa a koyar.

A jami'o'in Amurka ana kiran kwas ɗin Kalkulas na Biyu, kuma yakan ƙunshi dabarun intigireshan, da amfani da su wajen auna fili da girman cikin abu da aikin da ƙarfi ke yi, sannan jerin lambobi marasa ƙarshe da jerin Taylor. A jami'o'in Najeriya da dama an raba kayan daban: dabarun intigireshan da auna fili suna zuwa a kwas ɗin MTH 102 na shekarar farko, jerin Taylor kuma sai a shekara ta biyu. Ko ma yaya aka raba, wahalar iri ɗaya ce.

Gyara tushe a makon farko

Kafin a taɓa alamar intigiral, wato sakamakon intigireshan, ɗalibi ya ware mako guda ya koma kan aljabara da tirigonometiri, domin da tsohuwar zuma ake magani. Yawancin makin da nake gani yana zubewa a takardun jarrabawa a nan yake zubewa. Ya tabbatar ya iya raba x² − 5x + 6 zuwa (x − 2)(x − 3) ba tare da dogon tunani ba, ya iya mayar da x² + 4x + 13 zuwa (x + 2)² + 9, ya san dokokin logaridim, kuma ya riƙe sin²x + cos²x = 1 tare da cos 2x = 2cos²x − 1. Haka kuma diribatib, wato sakamakon difarenshiyeshan, na fankshin goma sha biyu ko makamancin haka da aka fi haɗuwa da su, irin su sin x da tan x da eˣ da ln x da arctan x, ya zama yana iya faɗarsu gaba da baya, domin wanda bai san cewa diribatib na arctan x shi ne 1/(1 + x²) ba zai zauna gaban intigiral na 1/(1 + x²) yana ta gumi a kan abin da layi ɗaya ya ishe shi.

Koyon zaɓen hanya

Ga tambayoyi uku da nake rubutawa a allo a rana ɗaya, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: ∫ x cos(x²) dx, da ∫ x cos x dx, da ∫ cos²x dx. A ido kamar 'yan gida ɗaya ne, amma wanda ya ɗauke su haka ya yi wa rogo kallon kitse, domin kowacce da ƙofarta.

A ta farko akwai x² a cikin cos, kuma diribatib na x² shi ne 2x, ga kuma x nan zaune a waje. Duk inda ka ga wani fankshin a cikin wani, sannan ka ga diribatib ɗinsa a waje ko da lamba ce kawai ta bambanta su, hanyar musanya ce: ka sa u = x², sai du = 2x dx, amsa ta fito ½ sin(x²) + C. Musanya dokar sarƙa ce aka karanta daga ƙarshe zuwa farko, kuma ɗalibin da ya gane haka ya daina ɗaukar ta a matsayin sihiri.

A ta biyu babu abin da ke cikin wani, abubuwa biyu ne mabambanta aka ninka, ɗaya yana sauƙaƙa idan aka fitar da diribatib ɗinsa, domin x yana komawa 1, ɗayan kuma ba ya ƙara wuya idan aka nemo intigiral ɗinsa. Wannan ita ce alamar hanyar kashi-kashi, wadda ita ma dokar ninki ce aka juya: ∫ u dv = uv − ∫ v du. Idan ka ɗauki u = x da dv = cos x dx, za ka samu x sin x − ∫ sin x dx, wato x sin x + cos x + C. Ina son ɗalibi ya gwada ɗaukar su a birkice ko da sau ɗaya ne, ya sa u = cos x, ya ga yadda x ke komawa x²/2 tambayar ta fi da muni, domin wanda ya taɓa ganin hanya ta toshe da idonsa yakan gane toshewarta da wuri a gaba.

Ta uku kuwa kafin kalkulas sai tirigonometiri: a mayar da cos²x zuwa (1 + cos 2x)/2, daga nan amsa ta zama x/2 + (sin 2x)/4 + C. Haka abin yake ga 1/(x² + 1) da x/(x² + 1) da 1/(x² − 1). Ta farko arctan x ce, ta biyu musanya ce mai ba da ½ ln(x² + 1), ta uku kuma sai an tsaga ta gida biyu, ½ na 1/(x − 1) a cire ½ na 1/(x + 1), kafin a ci gaba.

Abin da wannan ke nufi ga mai karatu shi ne ya daina yin atisaye babi-babi kawai. Idan ka buɗe babin hanyar kashi-kashi ka yi tambayoyi talatin, kan babin ya riga ya gaya maka hanyar, ka koyi tafiya a kanta amma ba ka koyi gane ta ba. Bayan ka yi tambayoyi takwas ko goma don hannu ya saba, ka kwafi tambayoyi daga babi daban-daban a kan ƙananan takardu, ka cakuɗa su, ka riƙa zaro ɗaya kana ba kanka minti ɗaya ka rubuta hanyar da za ka bi da dalilin zaɓenta, ko da ba ka ƙarasa lissafin ba. A zama ɗaya za ka iya duba tambayoyi ashirin ta wannan hanya, ka ƙarasa biyar daga cikinsu.

Na koyi wannan ne daga kuskurena. A shekarun farko na koyarwa nakan ba kowace dabara mako guda, in yi ƙaramin gwaji a ƙarshensa, ɗalibai su ci, ni kuma in koma gida da farin ciki. Da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, tambayoyi suka fito a gauraye ba tare da kan babi ba, na zauna ina duba takardu ina ganin yaran da na san suna da ƙoƙari sun cika shafi biyu suna bin hanyar kashi-kashi a kan abin da musanya za ta warware a layi uku. Laifin nawa ne, domin ban taɓa sa su zaɓa ba sai ranar da zaɓen ya zama maki. Tun daga lokacin, kowane aikin gida da nake bayarwa rabinsa daga darasin makon yake, rabinsa kuma daga duk abin da ya gabata, ba tare da na nuna wanne ne wanne ba.

Akwai wata ni'ima a intigireshan da ɗalibai ba sa cin moriyarta: kowace amsa ana iya tantance ta. Ka fitar da diribatib na x sin x + cos x, za ka samu sin x + x cos x − sin x, wato x cos x, abin da aka fara da shi. Wannan bai kai minti ɗaya ba, kuma wanda ya mayar da shi ɗabi'a ba ya buƙatar shafin amsoshi na bayan littafi. Ya kamata kuma malami ya faɗa wa aji tun da wuri cewa akwai fankshin da ba su da intigiral da za a iya rubutawa da fankshin da aka saba da su. Shahararren misali shi ne e mai ƙarfin −x², wanda ilimin ƙididdiga ya dogara a kansa, kuma aikin Joseph Liouville na Faransa a shekarun 1830 ne ya buɗe hanyar tabbatar da cewa irin wannan rashin amsa gaskiya ne, ba gazawar mai nema ba ce. Ɗalibin da ya san haka zai fahimci dalilin koyon dokar Simpson da sauran hanyoyin kimantawa da lambobi.

Zana yanka ɗaya kafin ka rubuta komai

Alamar ∫ doguwar S ce, harafin farko na kalmar Latin mai nufin jimla, kuma Leibniz ne ya fara rubuta ta a 1675. Tana tuna mana cewa intigiral tara ƙananan yanka ne. A ɓangaren auna fili da girman ciki da aiki, ɗalibai sukan haddace fomula shida ko bakwai su rikita su a ɗakin jarrabawa, alhali dabara ɗaya ce: ka zana abin, ka yanko siririn yanka ɗaya, ka rubuta girman wannan yanka, sannan ka tara.

A ɗauki ƙwarya mai siffar rabin ƙwallo wadda daga tsakiyar bakinta zuwa gefe santimita 15 ne. Idan ka sauka zurfin y daga baki ka yanko ruwan a kwance, yankan zai zama faifai siriri mai kauri dy, kuma bisa dokar Pythagoras sukwayar rediyos ɗinsa ita ce 225 − y². Girman faifan π(225 − y²) dy ne. A tara daga 0 zuwa 15, a samu 2250π, kimanin santimita kubik 7,069, wato lita 7 da ɗan ɗoriya. Daga nan nakan tambayi aji: idan ruwan ya tsaya a rabin zurfin ƙwaryar, rabin lita bakwai ne a ciki? Sai su tara daga 7.5 zuwa 15, su ga cewa kashi 5 cikin 16 ne kawai, bai ma kai sulusi ba. Duk wanda ya taɓa auna hatsi ko nono a ƙwarya ya san cewa samanta ya fi cin kaya, lissafin ya ba shi adadin ne.

Haka ma jan ruwa a rijiya. A ce zurfinta mita 20 ne, guga da ruwansa kilo 10, igiya kuma kowace mita tana da nauyin kilo 0.2. Nauyin guga ba ya canzawa, don haka aikin ɗaga shi 10 × 9.8 × 20 ne (9.8 adadin jan da ƙasa ke yi wa kowane kilo ne), wato jul 1,960 a ma'aunin aiki, babu buƙatar kalkulas. Igiya kuwa kowane gutsurenta tafiyarsa daban: wanda ke zurfin x zai hau mita x ne kawai, nauyinsa kuma 0.2 × 9.8 dx, wato 1.96 dx, don haka a tara 1.96x dx daga 0 zuwa 20 a samu jul 392. Ɗalibi ya lura da inda intigiral ya shigo da inda bai shigo ba, domin yana shigowa ne kawai inda wani abu ke canzawa a kan hanya. Wannan dabarar yankawa ta girmi Newton da Leibniz, waɗanda suka kafa kalkulas, nesa ba kusa ba. Archimedes ya yi amfani da irinta wajen auna filin da farabola, wato lanƙwasasshen layi irin na y = x², ta kewaye, Ibn al-Haytham kuma, wanda ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 11, ya samo jimlar lambobi masu ƙarfi huɗu domin ya auna girman cikin wata siffa da ake samu idan aka juya farabola.

Zanen yana kuma tsare mutum daga amsar da hankali ba zai ɗauka ba. Wanda ya nemi intigiral na 1/x² daga −1 zuwa 1 ido rufe zai samu −2, alhali fankshin ɗin ba ya taɓa sauka ƙasa da sifili. Da ya zana, da ya ga layin yana harbawa sama babu iyaka a x = 0, ya san cewa sai an raba tazarar gida biyu a duba kowanne da iyaka, kuma a nan zai gano cewa intigiral ɗin ba shi da adadi.

Jerin da ba ya ƙarewa

A nan ne kwas ɗin ke sake canza fuska, kuma nan ne ya fi cancantar malami ya rage gudu. Tambayar da ake yi yanzu ita ce ko jimlar tana nan ma tukuna, kafin a zo ga nawa ce. A fara da abin da ido ke gani: a tsaga takarda gida biyu a ajiye rabi, a tsaga ragowar a ajiye kwata, a ci gaba. Abin da aka ajiye, ½ + ¼ + ⅛ har abada, yana ƙara matsowa ga takarda ɗaya kuma ba zai wuce ta ba, don haka jimlarsa 1. Ɗalibi ya riƙe cewa jimlar jeri marar ƙarshe ita ce iyakar da jimlolin farko-farko suke dosa, ya kuma bambanta jerin lambobin kansu da jerin jimlolinsu, domin rikita waɗannan biyun shi ne tushen kuskuren da ya fi yawa a wannan babi.

Kuskuren shi ne a ce tun da lambobin suna ƙanƙancewa zuwa sifili, dole jimlar ta tsaya. Maganinsa jerin 1 + ½ + ⅓ + ¼ da sauransu. Nicole Oresme ya nuna tun wajajen 1350 cewa wannan jimla ba ta da iyaka, kuma hujjarsa ɗan sakandare zai iya bin ta: ⅓ da ¼ sun fi rabi, lambobi huɗu na gaba daga 1/5 zuwa ⅛ sun fi rabi, takwas na gaba su ma sun fi rabi, don haka ana ta ƙara rabi babu ƙarshe. Sai dai hawan nata a hankali yake ƙwarai, har sai an tara lambobi 12,367 kafin jimlar ta wuce 10, wanda ya sa kalkuleta ba za ta iya yanke wannan hukunci ba, sai hujja. A gefenta kuma a ajiye 1 + ¼ + 1/9 + 1/16, wadda take tsayawa, kuma Euler ya gano a tsakiyar shekarun 1730 cewa jimlarta π²/6 ce, kimanin 1.645.

Waɗannan biyun tare da jerin rabi-rabi su ne ma'aunan da ɗalibi zai riƙa gwada kowane sabon jeri da su. Kafin ya ɗauko wani gwaji, ya tambayi kansa wanne daga cikinsu jerin ya fi kama idan n ta yi girma sosai. Jerin n/(n³ + 5) yana komawa kamar 1/n², don haka ana sa ran zai tsaya, gwajin kwatantawa kuma shi zai tabbatar. Inda aka ga faktoriyal, wato ninka lambobi daga 1 zuwa n, ko lamba mai ƙarfin n, gwajin rabo ya fi dacewa, wato duba abin da ake dosa idan aka raba kowace lamba da wadda ta gabace ta. A kuma nuna wa aji inda gwajin rabo yake yin shiru: yana ba da 1 ga jerin 1/n, yana ba da 1 ga jerin 1/n², alhali ɗaya yana tserewa ɗaya yana tsayawa. A wannan babi amsa jimla ce ta magana, kuma malami ya nace a rubuta sunan gwajin, da nuna cewa sharuɗɗansa sun cika, da hukuncin da ya biyo baya.

Ribar wannan wahala tana fitowa a jerin Taylor, mai ɗauke da sunan Brook Taylor na Ingila wanda ya wallafa shi a 1715, ko da yake Madhava na Kerala a ƙasar Indiya ya riga ya samo jerin sin da cos da arctan kusan ƙarni uku kafin haka. Ina roƙon kowane malami ya sa ɗalibai su yi wannan da hannu kafin a ba su babbar fomula: sin x kusan x − x³/6 + x⁵/120 ne. A sa x = 0.5 a ma'aunin radiyan. Kashi biyu na farko suna ba da 0.47917, ƙara na uku ya kai 0.479427, kalkuleta kuma tana nuna 0.479426. Na ga fuskokin ɗalibai suna sakewa a daidai wannan wuri, lokacin da suka gane cewa ninkawa da rabawa kaɗai sun isa a kamo abin da suka ɗauka sai na'ura. Daga nan a nuna musu jeri mai jan ƙafa, wato 1 − ⅓ + 1/5 − 1/7 wanda jimlarsa π/4 ce, amma bayan kashi 1,000 abin da yake ba da na π bai wuce 3.1406 ba. A kuma nuna musu 1/(1 − x) = 1 + x + x² + x³ har abada, a sa x = 2, su ga ana cewa 1 + 2 + 4 + 8 har abada daidai yake da −1, su fahimci dalilin da ya sa kowane jeri yake da tazarar da yake aiki a cikinta, a nan tsakanin −1 da 1.

Tsarin mako da ɗakin jarrabawa

Awa ɗaya kowace rana ta fi awa bakwai a daren Lahadi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Idan kana karanta misalin da aka warware, ka rufe warwarar da takarda ka gwada da kanka, ka buɗe layi ɗaya kawai idan ka maƙale. Ka ajiye littafi na musamman don kurakuranka, ka rubuta tambayar da inda ka kauce da dalilin kaucewar, ka koma kansa kowane mako. Karatun rukuni yana da amfani idan mutum uku ne ko huɗu kuma kowa ya gwada tambayoyin kafin a haɗu, amma idan ɗaya ne ke riƙe da alli sauran suna gyaɗa kai, shi kaɗai ke koyo. Manhajojin da ke warware intigiral a waya kuma a bar su sai bayan an gama, don duba amsa.

Shi kuma malami ya riƙa warware aƙalla tambaya ɗaya a mako a gaban aji ba tare da ya shirya ta ba, yana faɗin abin da yake dubawa da abin da ya sa ya bar wata hanya, domin ɗalibin da kullum yake ganin warwara mai tsabta yakan ɗauka cewa maƙalewa alamar rashin iyawa ce. Wajen ba da maki ya ware kaso bayyananne ga zaɓen hanya da zanen yanka da kafa intigiral daidai, ya kuma sanar da aji haka tun makon farko. A ranar jarrabawa ɗalibi ya ɗauki minti biyar na farko ya karanta dukkan tambayoyin, ya rubuta hanyar da yake zato a gefen kowacce da fensir, ya fara da waɗanda ya fi tabbata a kansu. Idan hanya ta cinye rabin shafi kuma lissafin yana ƙara kumbura, ya ja mata layi ɗaya ba tare da gogewa ba, ya koma kan tambayar ta asali ya sake duba ko akwai wani diribatib zaune a waje da bai lura da shi ba.